Maigidana Ya Ce Zafin Zuciya A Jininsa Yake

Assalamu alaikum Anti. Shekarata shida da aure, muna da ɗa guda, bai cika shekara uku ba. Maigidana mutum ne mai kyauta, bai taɓa barinmu cikin rashi ba, idan ransa na da daɗi sai ki ce ba a yi mai sanyin hali kamarsa ba. Amma abu kaɗan ke tunzura shi. Idan ya hau, fuskarsa takan canza, jijiyoyin wuyansa su tashi, ya yi ta daka tsawa. Ya fasa waya biyu, ya taɓa naushin ƙofa har hannunsa ya kumbura. Watan jiya ya hankaɗe ni na bugu da bango a gaban yaron. Bai taɓa marina ba, amma ranar na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Da ya huce sai ya zauna yana kuka, ya ce shi ma ba da son ransa ba ne, a jininsa abin yake, haka mahaifinsa ya yi, haka kakansa. Ya nuna min wani rubutu a intanet da ke cewa akwai ƙwayar gado ta faɗa, kuma maza masu yawan sinadarin mazantaka ba sa iya riƙe kansu. Surukata ta ce in yi haƙuri, ita ma haka ta zauna da babansa, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yarona ya fara dukan yara, har ya ciji wata yarinya. Anti, da gaske ne ana gadon wannan abu? In haka ne, ke nan maigidana ba shi da laifi kuma ba zai canza ba? Ɗana ma haka zai tashi? Ina son mijina, amma na fara auna kowace kalma kafin in furta ta.

Wata baiwar Allah

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma inda na fi daɗewa shi ne layin ƙarshe. Macen da ke zaune a ɗakinta tana tauna magana don tsoron abin da zai biyo baya ba ƙaramin kaya take ɗauke da shi ba, ko da ba a taɓa ɗaga mata hannu ba. Ke kuwa an riga an hankaɗe ki kin bugu da bango. Kada ki bari "bai taɓa marina ba" ta rage miki girman abin. Zan dawo kan wannan. Bari in fara da tambayarki, domin a cikin abin da maigidanki ya faɗa akwai gaskiya, sai dai an ja ta har ta wuce inda ta tsaya.

Abin da kike gani a fuskarsa ba wasan kwaikwayo ba ne. A can cikin ƙwaƙwalwar kowannenmu, ta saitin kunnuwa, akwai wasu 'yan curi biyu, hagu da dama, da likitoci ke kira amigdala. Aikinsu aikin maigadi ne. Da sun hango abin da ya yi kama da barazana sai su buga ƙararrawa tun mutum bai gama tunani ba. Nan take jiki ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarce, jini ya kwarara zuwa tsokokin hannu da ƙafa. An tanadi wannan ne don ranar da mutum zai yi kiciɓis da abin da zai halaka shi, ko ya tsaya ya yi faɗa ko ya ranta a na kare. Illar ita ce maigadin nan ba ya iya bambance zaki da baƙar magana. A wurin wasu mutane, jin an raina su kaɗai ya isa ya tayar da jikinsu kamar sun ga an zare wuƙa.

A bayan goshi kuma akwai sashen gaba na ƙwaƙwalwa, shi ne linzami. Shi ke cewa dakata, matarka ce wannan, ɗanka na kallo, anjima za ka yi nadama. Shi ne sashen da ya fi jinkirin nuna, sai mutum ya kai wajen shekara 25 yake gama ƙosawa, abin da ya sa samari suka fi kowa saurin cin kwalar juna. An fara fahimtar aikinsa ne ta hanyar wani mummunan haɗari. A 1848, a jihar Vermont ta Amurka, wani shugaban ma'aikatan shimfiɗa layin dogo mai suna Phineas Gage yana danna albarushi cikin ramin dutse sai albarushin ya tashi, sandar ƙarfen da ke hannunsa ta shiga ta kuncinsa na hagu ta fita ta saman kansa. Bai mutu ba. Likitan da ya yi jinyarsa ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa ya koma marar haƙuri mai yawan ashar, har waɗanda suka san shi suka ce ba Gage ɗin da ba ne. Nan akasarin masu ba da labarin suke tsayawa. Abin da ba a cika ƙarasawa ba shi ne daga baya mutumin nan ya tafi ƙasar Chile ya yi shekaru yana tuƙa keken dawakai na fasinja, sana'ar da ba ta yiwuwa sai da tsari da haƙuri da iya zama da jama'a. Alamu ke nan cewa wanda ƙarfe ya ratsa masa linzami ma ya sake koyon riƙe kansa. Maigidanki kuwa nasa lafiya lau yake, ko aƙalla ba ki faɗa min wani abu ya same shi ba.

Maganar gado kuma, e, akwai shi. Masana sun daɗe suna nazarin tagwaye masu kama ɗaya da marasa kama ɗaya, da yaran da suka tashi a hannun waɗanda ba su haife su ba. Abin da ake ta samu shi ne kusan rabin bambancin da ke tsakanin mutane wajen saurin kai hannu yana da nasaba da gado. Wannan lissafi ne na taron jama'a, ba ya nufin rabin fushin mijinki daga babansa ya zo. Kuma abin da ake gada ba duka ba ne, ba fasa waya ba ne. Ana gadon saurin kamawar wuta. Wani ashana ɗaya ta ishe shi, wani sai an yi ta hura masa. Inda mutum zai kai wutar bayan ta kama, wannan wani zance ne daban.

Ƙwayar gadon da ya nuna miki na san ta, sunanta MAOA, kuma an yi mata talla fiye da ƙimarta. Labarinta ya fito ne a 1993, lokacin da wani likita a ƙasar Holan, Han Brunner, ya binciki wani dangi da mazansu da dama suka yi ƙaurin suna wajen tayar da hankali ba gaira ba dalili. Ya gano ƙwayar ta lalace ƙurmus a jikinsu, ba ta aikinta na narkar da wasu sinadaran ƙwaƙwalwa irin su sirotonin. To amma wannan cuta ce da samunta ke da matuƙar wuya, kuma mazan suna da raunin fahimta tare da ita. Abin da ya yawaita a cikin mutane shi ne wani nau'in ƙwayar mai aiki a hankali, wanda kusan kashi ɗaya cikin uku na mazan Turawa ke ɗauke da shi, akasarinsu kuwa mutane ne masu zaman lafiya. Ga kuma wani abu da rubutun intanet ɗin nan na tabbata bai gaya masa ba: ƙwayar tana zaune ne a kan kuromosom ɗin X, ɗaya daga cikin ƙullin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, wanda ɗa namiji ke karɓa daga mahaifiyarsa kaɗai. Uba ba ya miƙa wa ɗansa namiji ita. Don haka zancen daga kaka zuwa uba zuwa ɗa ba ta wannan ƙofar ya biyo ba.

Binciken da na fi so ki sani shi ne na 2002. Avshalom Caspi da Terrie Moffitt da abokan aikinsu sun duba maza 442 a garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan, waɗanda aka bi rayuwarsu tun suna ƙanana har suka girma. Masu wancan nau'in ƙwayar da suka tashi cikin kulawa ba su fi sauran yara zama masu tayar da hankali ba. Waɗanda suka haɗa ƙwayar da cin zarafi a ƙuruciya su ne suka fi kowa faɗawa cikin faɗa da laifi. Binciken da suka biyo baya wasu sun ga haka, wasu sun ga tasirin bai kai yadda aka fara zato ba, amma hanyar da ya nuna ta tsaya: iri na iya kwanciya a ƙasa shekara da shekaru, sai ya sami ruwa yake tsirowa. Ki kula, wannan binciken da maigidanki zai so ya jingina da shi, shi ne kuma ke cewa abin da ɗanku ke gani a gida yau yana da nauyi ƙwarai.

An taɓa yin irin wannan zumuɗin a baya. A 1965 an sami wasu maza masu ƙarin kuromosom ɗin Y a wani asibitin tsare masu laifi a Sikotilan, jaridu suka ɗauka cewa an gano asalin mugunta. Da aka duba masu irin wannan halitta a cikin gari, kusan namiji ɗaya cikin dubu, sai aka tarar yawancinsu suna zaune lafiya, da dama ba su ma san suna da ita ba.

Sinadarin mazantaka, wato testostiron, shi ma ana ɗora masa laifin da ba nasa ba. Gaskiya ne maza sun fi mata aikata kisa da raunata mutane nesa ba kusa ba, a kowace ƙasa aka duba. Amma idan aka auna jinin maza aka gwada da halinsu, alaƙar da ke tsakanin yawan sinadarin da yawan faɗa 'yar kaɗan ce. Sau da yawa ma abin a juye yake: gasa da cin nasara su ke ɗaga shi. Abin da sinadarin ya fi ingiza mutum gare shi shi ne neman matsayi, matsayi kuwa ana iya nemansa da ƙarfi, ana iya nemansa da karamci. A wani gwaji da aka buga a 2010 daga jami'ar Zurich, an ba wasu mata sinadarin, wasu aka ba su maganin bogi, ba tare da sun san wanda suka sha ba, sannan aka sa su wasan rabon kuɗi. Waɗanda suka sha na gaske sun fi yin rabon adalci. Waɗanda suka yi zaton sun sha, ko da bogin aka ba su, su ne suka fi yin rowa da son kai. Ni dai wannan ya daɗe yana ba ni dariya da tausayi lokaci guda. Labarin da mutum ya yarda da shi game da jininsa na iya sarrafa shi fiye da jinin kansa. Namijin da ke nanata wa kansa cewa ba zai iya riƙe kansa ba, a hankali yakan daina gwadawa.

Yanzu ga tambayoyin da nake so ki amsa wa kanki, ke kaɗai, ba tare da kin kare shi ba kuma ba tare da kin ƙara masa ba. Ya taɓa fasa wayar shugabansa a wurin aiki? Ya taɓa hankaɗe wanda ya fi shi ƙarfi ko muƙami? Wayoyin nan biyu da suka fashe, na wane ne? Idan yana tsakiyar tsawa aka ƙwanƙwasa ƙofa, muryarsa na sauka? Idan amsar ita ce a waje mutum ne mai ladabi, sai a gabanki kaɗai jinin ke tafasa, to linzaminsa na aiki sarai, yana sakinsa ne inda ya san ba abin da zai biyo baya. Jini bai san adireshi ba. Idan kuwa ko'ina abin ke kama shi, a kan hanya, a wurin aiki, da baƙo da ɗan gida, har yana lalata kayansa da ya fi so yana jawo wa kansa asara, to yana iya zama lalurar da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani, ta fashewar fushi lokaci zuwa lokaci, kuma ana maganinta. Hanyoyin biyu sun bambanta, amma babu wadda ta ƙare da ki naɗe hannu ki ce ƙaddara ce.

Ban ce kukansa na ƙarya ba ne. Ina kyautata zaton yaron da ya taɓa raɓewa a bayan ƙofa yana jin babansa na tsawa har yanzu yana cikinsa, kuma ya rantse tun yana ƙarami ba zai zama haka ba, ga shi ya zama. Wannan abin kunya ne mai ciwo, kuma cewa "a jinina yake" ya fi sauƙin haɗiyewa a kan cewa "na koya, kuma ban yi aikin cire shi ba". Domin daga mahaifinsa ba jini kaɗai ya samu ba, ya sami shekaru yana kallon yadda namiji ke yi idan ransa ya ɓaci. Tun 1961 Albert Bandura ya nuna a jami'ar Stanford cewa yaran da suka ga babba na jibgar 'yar tsana sukan kwaikwaye shi, har da kalmomin da ya furta. Duk da haka, akasarin yaran da suka tashi cikin duka ba sa zama masu duka. Ana cewa hali zanen dutse, ni kuwa na ga mutane da yawa da suka kankare nasu, sai dai babu ko ɗaya da ya yi hakan da hawaye kaɗai. Ki ji tausayinsa, ya cancanta. Amma ki auna nadamarsa da abin da ya yi a makon da ya biyo bayan kukan.

Surukarki ma ki yi mata uzuri. Ba mugunta ce ta sa ta faɗi abin da ta faɗa ba. Mace ce da ta haɗiye abu mai yawa, kuma idan ta yarda yau cewa ana iya canza wannan hali, sai ta tambayi kanta me ya sa ta sha wahalar shekarun nan. Kada ki yi jayayya da ita. Amma ki lura da abu ɗaya a ranki: haƙurinta bai gyara mijinta ba, kuma bai hana abin gangarowa kan ɗanta ba. Akwai wani labari daga Kenya da nake yawan tunawa. Wani masani, Robert Sapolsky, ya yi shekaru yana nazarin wani garken gwaggon biri. A shekarun 1980 tarin fuka ya kashe mazan garken da suka fi faɗa, saboda su ne ke da ƙarfin zuwa cin gurɓataccen nama a wata bola. Garken ya koma mai sanyi. Bayan shekaru, da sababbin maza suka shigo daga wasu garkuna, sai su ma suka ɗauki sanyin da suka tarar. Jininsu bai canza ba, gidan da suka shiga ne ya canza.

Abin da nake so maigidanki ya fara yi shi ne ya ga likita, kuma hujjarsa ce za ta kai shi. Tunda ya ce matsalar a jiki take, jiki likita ake kai wa. A tambaye shi ko ya taɓa buguwa a kai, a duba sinadarin maƙogwaro da ake kira tayirod, domin idan ya yi yawa yana sa mutum saurin hasala. A duba ciwon damuwa, wanda a wurin maza da yawa ba ya zuwa da kuka, da faɗa yake zuwa. Ya faɗi gaskiya kan giya ko ƙwayoyi ko magungunan ƙara tsoka in yana taɓa su, domin giya kai tsaye take sassauta linzamin nan na bayan goshi. Barci ma ba abin wasa ba ne: a wani gwaji na 2007 da Matthew Walker da abokan aikinsa suka yi, amigdalar waɗanda aka hana barci ta fi ta waɗanda suka yi barci zabura da kusan kashi 60 cikin ɗari. Idan kuma halin nan ya sauya ne farat ɗaya, tare da ciwon kai mai tsanani ko mantuwa ko farfaɗiya, kada a jira ko mako guda.

Bayan likita sai ƙwararren mai ba da shawara kan tunani da ɗabi'a, wanda zai koya masa gane alamun farko tun wutar ba ta kama ba: zafin kunne, dunƙulewar hannu, bugun ƙirji. Akwai kuma magunguna da ke taimaka wa wasu, likita ne zai yanke. Shi kaɗai zai fara zuwa. Zaman sulhu na mata da miji tare ba shi ne matakin farko ba matuƙar akwai tsoro a tsakani, don ba za ki iya faɗin gaskiya a gaban wanda za ki koma gida da shi kina fargaba ba. Kuma idan amsar tambayoyina na ɗazu ta nuna a kanki kaɗai yake saki, koyon numfashi ba zai wadatar ba, sai an taɓo abin da ya yarda da shi a ransa game da abin da ya halatta ya yi wa matarsa.

A gida, ku yi yarjejeniya ranar da kuke cikin daɗi. Da ya ji alamar, ya ce zai fita ya dawo, ya bar ɗakin. Jikin da ya tashi yana buƙatar aƙalla minti 20 kafin ya sauka, sau da yawa fiye da haka. Ya yi tafiya a ƙasa, ya ja numfashi yana tsawaita fitarwa. Ke kuma kada ki bi shi, kada ki tare ƙofa, ko da maganar na cin ki. Amma dole ya dawo a ƙarasa zancen, in ba haka ba fitar ta zama wata sabuwar hanyar rufe miki baki. Kada kowa ya ba shi shawarar ya je ya naushi matashin kai don ya huce. Wani masani, Brad Bushman, ya gwada wannan a 2002, ya tarar waɗanda suka naushi buhun dambe suna tunanin wanda ya ɓata musu rai sun fi fusata daga baya a kan waɗanda suka zauna shiru kawai.

Duk waɗannan aikinsa ne, ƙanwata. Ba ke kika kunna wutar ba, kuma auna kalmomi ba zai kashe ta ba, sai dai ya ƙarar da ke. Naki aikin shi ne tsaron kanki da yaron. Ki gaya wa mutum ɗaya daga danginki da kika amince da shi, mai hankali da riƙe sirri, ainihin abin da ya faru, har da bangon. Ki san inda za ki je idan dare ya yi muni. Ki ajiye takardunki da na yaron da ɗan abin hannu a inda za ki ɗauka cikin sauri, wayarki kuma ta kasance da caji. Idan rigima ta tashi, ki matsa kusa da ƙofar fita, ki nisanci kicin da duk inda akwai abu mai kaifi. Akwai iyakokin da idan ya ƙetare ba a sake zaman jira: idan ya kai hannu wuyanki ko sau ɗaya ne, ko ya ɗauko makami, ko ya yi barazanar kisa, ko ya taɓa yaron cikin fushi. Shaƙe wuya musamman na daga cikin manyan alamun da masu bincike suka gano cewa rai na cikin haɗari. A nan ki fita ki nemi hukuma da asibiti. Idan kuma kin yanke shawarar tafiya, ki shirya a natse ba tare da sanarwa a tsakiyar faɗa ba, don lokacin rabuwa na daga cikin lokutan da haɗari ke ƙaruwa. Tsakanin zama da rabuwa akwai kuma hanya ta uku, ki ɗan koma gefe na wani lokaci da sharaɗin sai ya fara neman magani. Wannan ba rusa aure ba ne, sau da yawa shi ne karon farko da mutum ke ganin halinsa na da farashi.

Ɗanki kuma, ki kwantar da hankalinki. Richard Tremblay na jami'ar Montreal a Kanada ya bi dubban yara shekara da shekaru, ya gano lokacin da ɗan adam ya fi yawan duka da cizo da turi a duk rayuwarsa shi ne tsakanin shekara biyu zuwa uku da rabi. Daga nan abin ke raguwa a wurin mafi yawan yara, yayin da baki ya buɗe suka iya faɗin abin da suke so. Wato ba a koya wa yaro duka, da shi yake zuwa. Abin da ake koya masa shi ne dainawa. Yaronki yana daidai shekarun da kusan kowane yaro ke yin haka, ko ɗan wane ne. Idan ya kai hannu, ki durƙusa daidai tsayinsa, ki riƙe hannun a hankali, ki ce ba a duka, sannan ki sa masa sunan abin da yake ji: ka ji haushi an karɓe maka abin wasa. Ki fara rarrashin wanda aka daka, ya ga inda hankali ke tafiya. Kada ki rama masa da duka ko cizo don ya ji yadda ake ji, wannan darasin da yake ɗauka shi ne babba na dukan ƙarami. Kuma ina roƙonki, kada a sake cewa ya gado babansa a inda kunnensa ke ji, ko daga bakin wa. Yaro yakan shiga rigar da aka ɗinka masa. Idan ya wuce shekara huɗu abin na ƙaruwa, ko maganarsa ta yi jinkiri, sai a kai shi likitan yara.

Ki zaɓi ranar da maigidanki ya yi barci ya ƙoshi, yaron ba ya kusa, kuma akwai wanda ya san za ki yi maganar. Ki ce masa kin yarda jikinsa na saurin tashi fiye da na wasu, kin yarda ba shi ya zaɓi gidan da ya tashi ba. Ki ce ranar da kika bugu da bango ɗansa na tsaye yana kallo, kamar yadda shi ma ya taɓa tsayawa. Sannan ki faɗi abin da kike so a fili: ya ga likita cikin wata guda, kuma ya faɗa wa wani babba da yake jin nauyinsa abin da ya yi, da bakinsa. Idan ya ce to kuma ya je, kina da abin da za ki gina a kai, ki ba shi lokaci, domin irin wannan aikin na watanni ne kuma za a yi tuntuɓe a hanya, matuƙar tuntuɓen bai kai ga taɓa jikinki ba. Idan ya ce ba ya buƙata, ko ya mayar da laifin kan bakinki, to ya amsa miki tambayar da kika yi min. Ki sake rubuto min bayan watan, ki gaya min ko ya je, kuma ki gaya min wayoyin nan biyu na wane ne.